Rayuwa Bayan Tsinkewar Laka: Halin da Mazajen Labanan Ke Ciki

 Mun san da yawanku kun baro bisashe a hannun yara, wasu kuma gobe kasuwa gare su, saboda haka ba za mu tsawaita gaisuwa ba.

Zancenmu na yau zai kai mu nesa, har ƙasar Labanan da ke bakin tekun Bahar Rum, tsakanin Siriya da Isra'ila. Mutanen ƙasar ba baƙi ba ne a gare mu. Su ne waɗanda Kanawa ke kira Kwara, kakanninsu sun yi cinikin gyaɗa da fatu da yadi a ƙasashenmu, jikokinsu kuma na nan da shaguna a Kano da Yamai da Kumasi da Duwala. To, amma yau maganar waɗanda ke can gida za mu yi, wato mazajen da harsashi ko haɗarin mota ko faɗowa daga bene ya lalata musu laka, suka koma zama bisa keken guragu. Tambayar da muka zo da ita guda ce. Bayan mutum ya tsira da ransa daga irin wannan rauni, mene ne ke sa zamansa na duniya ya yi daɗi, mene ne kuma ke sa ya yi ɗaci? Mun zaɓi Labanan ne domin ƙasa ce ƙarama, faɗinta murabba'in kilomita 10,452 kacal, amma yaƙe-yaƙe sun tara mata irin waɗannan mazaje da yawa. Tana da ƙwararrun likitoci, tana da doka mai kyau a rubuce, sa'an nan kuma arzikinta ya rushe a gaban idon duniya. A wuri irin wannan, abin da ke taimakon mai rauni da abin da ke kashe shi duk suna fitowa fili.

Mece ce laka?

Ba sai mun yi muku dogon bayani ba, gama duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗa ya ga farin zaren nan mai laushi da ke kwance cikin ramin ƙashin baya. Ita ce laka. A jikin ɗan Adam kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, tsawonta wajen santimita 45. Ƙashin bayan da ke kare ta gaɓoɓi 33 ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Saniya ma 7 gare ta a wuya, haka raƙumi duk da tsawon wuyansa. Daga laka ne jijiyoyi suke fita bibbiyu, dama da hagu, har sau 31, su ne ke kai umurnin ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi, su kuma komo mata da labarin zafi da sanyi da taɓi.

Idan laka ta murƙushe ko ta tsinke, duk abin da ke ƙasa da wurin raunin sai saƙo ya daina isa gare shi. In a ƙugu ne ko bayan ƙirji, ƙafafu ke shanyewa, hannuwa su tsira. In a wuya ne, hannuwa da ƙafafu duka. In kuwa a can saman wuya ne, numfashi ma sai da na'ura. Wani raunin bai gama da laka duka ba, mai shi yakan sami ɗan motsi ko ɗan ji, har wani lokaci ya sami sauƙi sosai. Amma lakar da ta lalace gaba ɗaya, har yau babu allura ko aikin tiyata da ke mayar da ita yadda take. Likita na iya ɗaure ƙashin da ƙarfe, ya kawar da abin da ke danne laka, iyakar ikonsa ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2013 cewa mutum 250,000 zuwa 500,000 ke samun wannan rauni kowace shekara, maza kuma sun ninka mata aƙalla sau biyu, musamman samari masu shekara 20 zuwa 29. A 2021 an ƙiyasta masu rayuwa da shi a duniya sun haura miliyan 15. Ku lura da shekarun nan da kyau. Lokacin da namiji ke neman aure, ko ya fara tara iyali, shi ne lokacin da abin ya fi samunsa.

Yadda Labanan ta tara waɗannan mazaje

Yaƙin basasar Labanan ya ɓarke ranar 13 ga Afrilu 1975, bai lafa ba sai a 1990. Ana ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin 120,000 da 150,000. Birnin Bairut ya rabu biyu, gabas da yamma, maharba na laɓe bisa dogayen gine-gine suna harbin duk mai tsallaka layin da ya raba su. Harsashi ɗaya a baya, ko ɓarɓashin bam, ya isa ya zaunar da saurayi har ƙarshen ransa. Waɗanda suka sami rauni a wancan zamani suna samari, yanzu dattawa ne, wasu sun yi shekara arba'in da ɗoriya bisa keke.

Yaƙi bai ƙare nan ba. Sojan Isra'ila sun mamaye ƙasar a 1982, ba su bar kudancinta ba sai a watan Mayu 2000. A 2006 aka yi yaƙin kwana 34, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta an watsa ƙananan bama-bamai wajen miliyan 4 a kudu, kusan miliyan 1 ba su fashe ba, suka rage cikin gonakin zaitun da na taba da wuraren kiwo, suna jiran manoma da makiyayan awaki. Ranar 4 ga Agusta 2020 tan 2,750 na sinadarin da ake takin zamani da shi ya fashe a tashar jiragen ruwan Bairut, ya kashe fiye da mutum 200, ya raunata fiye da 6,000. A ƙarshen 2024 kuma wani yaƙin ya raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu.

Ban da yaƙi akwai haɗarin mota bisa hanyoyin duwatsu, da faɗowar magina daga bene, da samarin da ke tsunduma da kai cikin ruwan da ba shi da zurfi. Har ila yau akwai harbin murna, wato ɗabi'ar harba bindiga sama ranar biki ko ranar fitowar sakamakon jarrabawa, abin da ya kai har majalisa ta yi dokar hana shi a 2016. Harsashin da ya hau sama dole ya sauko, kuma ba ya tambayar bayan wa zai faɗa.

Yadda ake auna daɗin rayuwa

Wani zai ce, yaya za a auna daɗin rayuwa, ai ba hatsi ba ne balle a kawo tiya. Masana sun yi dabara. Hukumar Lafiya ta Duniya na da takarda mai tambayoyi 26 da aka juya cikin harsuna da dama har da Larabci. Tana tambayar mutum fannoni huɗu: lafiyar jikinsa, kwanciyar hankalinsa, zamansa da mutane, da kuma wurin da yake zaune, wato gida da hanya da kuɗi da asibiti. Muhimmin abu shi ne, mai raunin da kansa ake tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Da aka yi ta irin wannan tambaya a ƙasashe daban-daban, sai wani abin mamaki ya bayyana. A 1994 a Amurka an tambayi ma'aikatan asibiti masu karɓar waɗanda suka yi haɗari, shin da su ne laka ta shanye musu hannuwa da ƙafafu, za su yi murnar kasancewa da rai? Kashi 18 cikin 100 kaɗai suka ce i. Su kuwa masu raunin, kashi 92 cikin 100 suka ce suna murna da ransu. Ashe mu masu tafiya da ƙafa biyu ba mu iya ƙiyasta rayuwar mai keke ba, kullum muna yi mata kuɗi ƙasa da darajarta.

Abu na biyu da binciken masana ya sha nunawa shi ne, girman raunin shi kaɗai ba ya gaya maka wanda zai ji daɗin zama. Sau da yawa wanda ya karye a wuya, amma yana da sana'a da iyali da mai kula da shi, ya fi wanda ya karye a ƙugu aka bar shi cikin ɗaki shi kaɗai. Abubuwan da suka fi nauyi a ma'auni su ne zogi, da cututtukan da ke biyo bayan raunin, da aiki, da aure da abokai, da ikon fita daga gida. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suke a Labanan.

Abokan gaba na cikin jiki

Na farko gyambon kwanciya. Ku makiyaya kun fi kowa sanin wannan. Idan saniya ta kwanta da rani ta kasa tashi, in ba a ɗaga ta ana juya ta ba, cikin kwana kaɗan gefen da ta danne ya kwaile. Haka mutum. Shi mai lafiya yana juyi cikin barci ba tare da ya sani ba, domin fata na gaya masa ta gaji. Mai raunin laka ba ya jin wannan kira. Jini ya daina zuwa wurin da ƙashi ya danne, a mazaunai da ƙugu da dunduniya, sai nama ya mutu daga ciki. Gyambon da ya fara da ɗan jan tabo yana iya cin nama har ƙashi, ya kwantar da mutum wata da watanni, ko ya kashe shi.

Na biyu fitsari da bayan gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka dattawa ku gafarce mu. Mafitsara ba ta jin umurni kuma. In fitsari ya taru ya koma wa ƙoda, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙoda ta lalace. Hanyar da likitoci suka fi yarda da ita ita ce mutum ya sa siririyar robar fitsari mai tsabta ya zubar, ya cire, kowace awa 4 zuwa 6. Hanji kuma sai an koya masa lokaci guda da zai riƙa fitarwa. Namijin da bai sami wannan horo ba yana tsoron shiga jama'a kada ya ɓaci a gabansu, wannan tsoro kuwa ya fi rashin ƙafa tsare mutum a gida.

Waɗannan biyun su ne suka riƙa kashe mutane tun da. A yaƙin duniya na farko, wajen 8 cikin 10 na sojan da suka sami raunin laka sun mutu cikin makonni kaɗan. Sai a 1944 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe sashe na musamman a asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya kafa doka cewa a juya kowane majinyaci bayan awa biyu, dare da rana, a kuma kula da mafitsararsa. Da wannan aiki mai sauƙin faɗa mai wuyar yi, mutanen da aka fid da rai da su suka rayu, har ya shirya musu gasar harbin kibiya a 1948, wadda ita ce tushen wasannin naƙasassu na duniya.

Na uku zogi. Mutane na zaton wanda ba ya jin ƙafarsa ba ya jin ciwo. Fiye da rabin masu wannan rauni suna fama da ciwo mai daɗewa, wani kamar ƙunar wuta, wani kamar sukar allura, a daidai gaɓar da ba ta jin taɓi. Jijiyar da ta lalace ce ke aika saƙon ƙarya. Maganin ciwon kai na kasuwa ba ya taɓa shi, sai magunguna na musamman da ake sha kullum. Ga kuma sanƙarewar ƙafafu da fizga da ke hana barci.

Na huɗu zancen ɗaki. A Labanan, kamar sauran ƙasashen Larabawa, ana auna namiji da riƙon gida da haihuwa, don haka tambayar da ke cin saurayi a zuci, wadda yake jin nauyin yi wa likita, ita ce ko zai iya aure. Amsa ita ce da yawa suna iyawa. Raunin na taɓa ƙarfin namiji da fitar maniyyi, amma akwai magunguna da dabarun asibiti da ke taimakawa, kuma mazaje masu keke da dama sun haifi ƴaƴansu. Shirun da ake yi a kan maganar ya fi raunin kashe aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu raunin laka na nuna alamun ciwon baƙin ciki mai tsanani, wanda shi ma ciwo ne mai magani.

Matakala, lantarki da kuɗi

Yanzu mu fita daga jiki mu dubi gari. Labanan ƙasar duwatsu ce. Ƙauyukanta na rataye a gefen tsaunuka, hanyoyin cikinsu matakala ne. Mutanen Bairut da Tarabulus da Saida kuwa mafi yawansu a benaye suke zaune, wani a hawa na biyar, wani na takwas. Mai keke ba shi da hanyar sauka sai na'urar hawa bene, ita kuwa sai da lantarki. A 2021 da 2022 wutar gwamnati ta koma awa ɗaya ko biyu a yini a wurare da yawa, har a watan Oktoba 2021 ta ɗauke a ƙasar baki ɗaya. Mai hali ya biya masu janareto na unguwa. Marar hali ya zauna sama yana kallon titi ta taga, ko ya jira samari su sauko da shi a hannu kamar buhu. In ma ya sauko, gefen titin da aka yi don masu tafiya motoci sun hau sun toshe.

Rashin wutar kuwa reshe ne na babbar masifa. Daga 1997 zuwa 2019 dalar Amurka ɗaya tana daidai da lira 1,507. Da tattalin arziki ya rushe a ƙarshen 2019, bankuna suka riƙe ajiyar mutane, lira ta yi ta faɗuwa har a watan Maris 2023 dala ɗaya ta haura lira 100,000 a kasuwar bayan fage. Ku yi lissafi irin na fatake. Mai albashi ko fansho na lira miliyan ɗaya da rabi, da yana riƙe da kusan dala 1,000, sai ya wayi gari da dala 15. Alhali robar fitsari da maganin zogi da matashin keke mai hana gyambo, mafi yawansu daga waje ake shigo da su, da dala ake saye. Mai sa roba sau biyar a yini yana bukatar 150 a wata in sabuwa zai riƙa sawa. Da gwamnati ta fara janye tallafin magunguna a 2021, sai mutane suka shiga rage adadi da tsallake kwanaki, abin da ke komowa da zazzaɓi da ciwon ƙoda. A watan Satumba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na likitocin ƙasar da kusan kashi 30 na ma'aikatan jinya sun yi ƙaura.

Daɗin daɗawa, mafi yawan asibitocin Labanan na kuɗi ne, asusun inshorar ma'aikata kuma yana rufe mutum ne muddin yana bakin aiki. Wanda rauni ya raba shi da aiki, ya raba shi da inshora a daidai ranar da ya fi bukatarta. Nauyi sai ya koma kan gida: uwa ko mata ce ke tashi tsakar dare ta juya shi, ita ke wanka, ita ke ɗagawa har nata bayan ya soma ciwo. Gidaje da yawa kuɗin ƴan'uwa da ke ƙetare ne ya riƙe su, har da waɗanda ke kasuwanci a nan Afirka ta Yamma. A yaƙin 2024 kuma, makarantun da aka mai da mafaka da yawansu matakala ne tun daga ƙofa, makewayinsu keke ba ya shiga.

Doka a takarda

Ranar 29 ga Mayu 2000 Labanan ta kafa doka mai lamba 220 a kan haƙƙin naƙasassu. Dokar ta yi kyau. Ta ba mai katin naƙasa, wanda Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a ke bayarwa, haƙƙin magani da gyaran jiki a kan kuɗin gwamnati. Ta ce a yi gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga. Ta ware kashi 3 cikin 100 na ayyukan gwamnati ga naƙasassu, haka kamfanin da ma'aikatansa suka wuce 60, wanda ke da 30 zuwa 60 kuma ya ɗauki mutum ɗaya.

Amma shekaru suka yi ta wucewa ba a zartar da mafi yawan sassanta ba. Ƙungiyoyin naƙasassu sun sha kukan cewa asibitoci na ƙin karɓar katin domin gwamnati ba ta biyansu da wuri, kamfanoni kuma ba su cika kason nan na kashi 3 ba, ba wanda ya hukunta su. Ranar zaɓe akan sa akwatin ƙuri'a a saman benen makaranta, sai an ɗauki dattijo da kekensa an hau da shi a gaban jama'a. Katin ma na ɗan ƙasa ne kaɗai, Falasɗinawa da ƴan gudun hijirar Siriya ba sa cikin lissafi. A watan Afrilu 2023 aka fara biyan wani alawus na dala 40 a wata, wajen jaka 24 na kuɗin sefa a lokacin, an kuma soma da masu shekara 18 zuwa 28, da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. An ce da babu gara ba daɗi, amma kowa ya san abin da dala 40 za ta saya.

Maganar aiki ita ce gishirin zancen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 na manya masu raunin laka a duniya ba su da aikin yi. Ga namiji, aiki ya wuce kuɗi. Shi ke sa ya tashi da safe ya yi wanka ya fita, shi ke sa a nemi shawararsa a gida, shi ke sa iyayen yarinya su saurare shi.

Abin da suka yi da kansu

Jama'a, kada ku ɗauka mazajen nan sun naɗe hannu suna jira. Doka ta 220 kanta ba kyauta aka ba su ba. A 1981, ana tsakiyar yaƙi, masu keke suka kafa ƙungiyarsu, wadda aka daɗe ana kira LPHU, ba ruwanta da addini ko ɓangare, Sylvana Lakkis kuma ta daɗe tana jagorancinta. A watan Oktoba 1987 naƙasassu suka yi jerin gwanon neman zaman lafiya daga Halba a arewa har Sur a kudu, bisa kekuna da sanduna, suna ratsa shingayen mayaƙa ɗaya bayan ɗaya. Cikin waɗanda suka shirya shi akwai Nawaf Kabbara na Tarabulus, malamin jami'a, shi ma mai keke. Waɗanda yaƙi ya naƙasa su ne suka fito suka ce ya isa, a lokacin da masu ƙafafu ke ɓoye cikin gidaje.

A 1985 wasu samari suka kafa ƙungiyar Arcenciel, wato bakan gizo da Faransanci. Maimakon a jira keke daga Turai, sai suka buɗe maƙera a Bairut inda naƙasassu da kansu ke ƙera kekuna da sanduna, su gyara waɗanda suka lalace. Mai keke ya sami keke, maƙeri ya sami albashi. Akwai kuma cibiyoyin gyaran jiki kamar asibitin Bait Shabab a cikin duwatsu da cibiyar Sarafand a kudu, inda ake koya wa mutum sauka daga gado zuwa keke, da kula da fata da mafitsara.

Edward Maalouf ya faɗo daga wani dogon gini yana cikin aiki a 1995, ƙafafunsa suka shanye. Ya koyi tseren keken da ake tuƙawa da hannu, a 2008 ya ciyo wa ƙasarsa lambobin tagulla biyu a wasannin naƙasassu na Bejin. Michael Haddad yana ɗan shekara 6 babur ɗin ruwa ya shanye shi daga ƙirji zuwa ƙasa. Ya koyi tafiya da ƙarfen ɗaure jiki da sanduna biyu, a 2014 ya hau dutsen Rawshe da ke cikin teku gaban Bairut, a 2019 kuma hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi jakadanta. Ba muna cewa kowa sai ya zama zakara ba. Mai gyaran waya a bakin titi da ke ciyar da ƴaƴansa daga kan keke, nasararsa ba ta gaza tasu ba.

Abin da za mu riƙe

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Samarinmu na kwana bisa katakon manyan motocin shanu daga kara zuwa kudu, suna hawa gawo da rani don saro wa bisashe ganye, suna kokawa da bijimai wajen lodi, suna gudu da babur cikin daji. Kowanne daga cikin waɗannan ƙofa ce ta karyewar baya. Ga abubuwa biyar da za mu koma gida da su.

Na ɗaya, wanda ya faɗi ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a ja shi, kada a lanƙwasa shi cikin ƙaramar mota ko a ɗora shi bisa babur. Mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, mutum uku su mirgina shi gaba ɗaya bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, a tare kan da tufafi dama da hagu, a nufi asibiti. Ɗauka marar kyau na iya ƙarasa lakar da haɗari ya bari.

Na biyu, muna girmama maɗora, sun iya hannu da ƙafa. Amma ƙashin baya da na wuya ba wurin ja da murɗa ba ne.

Na uku, in ya dawo gida, a juya shi kowace awa biyu, a duba fatarsa safe da yamma, shimfiɗa ta zama busasshiya mai laushi. Jan tabon da bai gushe ba, kada a sake kwantar da shi a kansa. In yana bisa keke ya riƙa ɗaga jikinsa ko ya karkata bayan kowane minti 15 zuwa 30. Ya sha ruwa isasshe, a kuma nemi ma'aikacin lafiya ya koya wa gida aikin robar fitsari. Zazzaɓi da fitsari mai wari alama ce ta a koma asibiti da gaggawa.

Na huɗu, kada a bar wa mace ɗaya wannan ɗawainiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi karɓa-karɓa tsakanin ƴan'uwa maza, musamman juyin dare da ɗagawa.

Na biyar, kada a raba shi da dukiyarsa ko da shawara. Idon da ya san saniya mai ciki, da bakin da ya iya ciniki, da kan da ke riƙe lissafi, duk suna nan daram. A gyara ƙofar ɗaki keke ya wuce, a kai shi kara ranar kasuwa, a bar shi ya yi dillancinsa.

Mazajen Labanan sun nuna mana cewa ranar haɗari laka kaɗai ke lalacewa. Sauran asarar, wato gyambo da ciwon ƙoda da zaman kaɗaici da rashin sana'a, daga baya take zuwa, kuma mafi yawanta hannun mutane na iya tare ta.

 Masu tambaya, ga fili. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya tarar da iyali da bisashe lafiya.